Malafar Mai Alfadari

A kasuwar birnin Cartagena, shekarar da aka yi wa sarkin Sifen tawaye, wani mai alfadari ya tsaya gaban Casilda mai wainar masara, riƙe da takardar 'yan tawaye.

"Inna, ga shi a rubuce: Allah bai halicci kowa da kambi ba. Durƙusa wa sarki bautar gunki ce."

"Ikon Allah! Bara limamin coci ya rantsar da mu kan biyayya ga sarkin nan. Ɗana ma a rundunarsa ya mutu. To, aljanna yake ko wuta?"

Ya juya takardar. "Ba su faɗa ba."

"Kai ka yarda da su?"

"Sarai! Sarki mutum ne kamar ni."

"To me ya sa duk sanda ka ambace shi sai ka cire malafa don girmamawa?"

Ya dubi malafar a hannunsa, ya rasa inda zai sa ta.