Motar da Na Zaɓa wa Othniel

A tashar Jimeta, motocin sulke suka wuce suka nufi hanyar Mubi. Wani tsohon soja mai suna Zadok ya bi su da kallo, matar da ke gefensa a benci kuwa ta ja tsaki.

"Da mijina a cikin irin waɗannan yake, da bai taka nakiya ba," in ji ta. "Ƙafa ɗaya ya bari a daji."

"A zamaninmu kowa a ƙasa yake, 'yata. Babbar mota ta sauke ka, sauran kuma sai ƙafarka. Da aka kawo motoci masu sulke, muka ce wahala ta ƙare."

"Ai masu gata kaɗai ke shiga, Baba."

"Wane gata? Ni na matsa wa ɗana Othniel ya koma cikinsu. Shi ƙasa ya fi so, wai yana ganin inda zai ɓuya. Na ce masa harsashi ba ya huda ƙarfe."

"Ka kyauta masa. Yana ina yanzu?"

Zadok ya daɗe yana murza hularsa.

"Wuta ce ta kama motar, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Abokansa da ke tafe a ƙasa, su suka zo mini gaisuwa."