Gawayin da ke nuna wa likita hanya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara, daga Toranke a Ajingi.

Ni nake dafa tawadar allo a gidanmu, da gawayi da ƙaro. Rannan ƙanina da ke karatun likita a ƙasar Sin ya kira mu a waya. Ya ce a can ana sarrafa sinadarin gawayi har ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, a yi wa mai ciwon daji allurarsa. Sai sinadarin ya je ya rina kaluluwar da cutar kan bi, likita ya gani ya cire. Wallahi na daɗe ina kallon baƙin tafin hannuna, ina jinjina ikon Allah.

To, yayata Binta tana da ƙari a nono, ta ƙi asibiti. Ita ma ta ji labarin, washegari na tarar da ita tana dakan gawayi.

"Yaya, me za ki yi?"

"Shafawa zan yi. Ba ga maganin a murhu ba?"

Da na gaya wa ƙaninmu a waya, ya ce ko kusa, nasu a ɗakin bincike ake haɗawa, kuma sai likita ya duba ta.

Yaya, na san rediyonki a kunne take. Don Allah ki ajiye taɓaryar nan, gobe mu tafi asibiti.