Watan Yanka da Makiyayar Ƙauyenmu

Shugaban majalisar ƙauye, Mista Charlton, wanda ya tare ni a bakin ƙofa yana cewa, "Enid, don Allah sunaye kawai, ban da wa'azi". Limamin cocinmu, Rabaran Fenwick. Baƙonmu daga kamfanin gine-gine, mai sabon takalmi. Maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku.

Ina godiya da gayyata. Shekara da shekaru ina koyar da tsohon Turanci a jami'a, ba wanda ya taɓa tambayata komai a ƙauyen nan sai yau, ranar da za a jefa ƙuri'ar sayar da makiyayarmu. Kamfani yana so ya raɗa wa titunan da zai shimfiɗa a kanta sunayen watannin kakanninmu, aka ce in zaɓo masu daɗin ji.

Na farko, Solmonath, wato Fabrairu. Wasu masana sun ce watan gurasar sadaka ne, wasu sun ce watan taɓo. Duk wanda ya taɓa ratsa makiyayar a Fabrairu ya san mai gaskiya. Takalmin baƙonmu ma zai sani.

Na biyu, Thrimilce, wato Mayu, watan tatsa uku. Ciyawa kan yi yawa har a tatsi saniya sau uku a yini. Wannan ne ya burge kamfani. Na ga har an kafa allonsa a bakin shinge, mu kuwa muna nan muna shirin ɗaga hannu.

Na uku ba a tambaye ni ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Blotmonath, wato Nuwamba, watan yanka. Sanyi ya ƙarato, mutum ya dubi busasshiyar ciyawar da ya tara, ya dubi garkensa, dabbar da ba zai iya ciyarwa har bazara ba ya sa mata wuƙa. Kakanninmu ba su fi mu tausayi ba, ba su fi mu wayo ba. Sai dai abin da suka yi shi suka kira watan da shi, ba su ce masa ci-gaba ba.

Ga ƙanena Leslie can baya, ya ƙi cire hula. Shanunsa kaɗai suka rage a makiyayar, kowa ya sani. Jiya na ce masa, "Les, in sun sayar fa?" Ya ce, "Farfesa, duk karatun naki? Saniya tana cin sunan titi ne? Ai mahauta sun riga sun bugo mini waya."

Na san an gama wannan ƙuri'a tuni a mashaya, na kuma gaji da musun da aka yanke kafin in iso. Roƙona ɗaya ne. In za ku sayar, ku sayar, amma ku tuge allon nan. Kada yaro ya tashi a titin Tatsa Uku bai taɓa ganin saniya ba. Ku sa masa Blotmonath, mu gaji kakanninmu ko da a faɗin gaskiya ne.

Sakatariya, ki rubuta a'a a gaban sunana da na Leslie. Lokacin tatsar yamma ya yi, shanu ba sa jiran majalisa.

Allah ya ba wannan taro abin da ya fi alheri, ya sassauta mana sanyin bana, ya mai da kowa gida lafiya. Kada kowa ya tashi, zan ja ƙofar da kaina.

Na gode.