Jinin Yaya

A ɗakin jira na sashen dashen ɓargo, wata mata ta dubi dattijon da ke gefenta yana danne auduga a hannu.

"Baba, jini suka ɗiba?"

"Duk zuwa, 'yata. Wai ƙwayoyin jiki suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna cikin jini, kamar aike. Su ake bincikawa, ko za su nuna rigima kafin ta taso."

"Mu kam ta taso. Ƙanena ne na ba wa ɓargo, yanzu ga ƙuraje, ga gudawa. An ce ƙwayoyina ne ke faɗa da jikinsa."

"Allah Ya ba shi lafiya."

"Amin. Halina ne, Baba, masifaffiya ce ni. Tun da na ji, na daina yi wa kowa faɗa, ko jinin zai huce. Har yarana na tambaya ko lafiya."

Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Koma ki yi faɗanki! Ba ƙiyayya ba ce, ɓargon naki sabon mai gadi ne, bai gama sanin mutanen gida ba. Nawa ma sai da magani ya lallashe shi."

"Wa ya ba ka?"

"Yayana. Ya fi ki masifa."

"Yana ina?"

"Ya rasu bara." Ya ɗaga audugar, ya leƙa. "Shi ya sa ba na fashi. In sun ɗiba, sai in ce su duba min me Yaya ya ce yau."