Ledar Rogon da Ta Ƙi Ruɓewa

Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki. Talatu ce daga yankin Bagwai.

"Binne ta, Hajiya, damina ɗaya ta zama taki." Haka mai tallar sabuwar leda ya ce mini a kasuwar Ɗambatta, wai da garin rogo aka yi ta. Na saya da murna, domin cin leda ya kashe mini awaki biyu.

Na binne ɗaya a gindin kuɓewata tun farkon damina. Jiya na tono ta, Malam, ko rubutun jikinta bai goge ba! Wannan wane irin rogo ne da ƙasa ke jin tsoronsa?

Na karanta cewa akwai wadda ba ta ruɓewa sai cikin tarin taki mai zafi. Irinta aka sayar mana, ko tsohuwar leda ce aka shafa wa kore? Ku tambayo mana masana. An kusa sakin dabbobi, kuma da bakina na ce wa maƙwabta su zubar da tasu a gona.

Na ba mai tallar nan zuwa Juma'a ya zo gidan rediyonku ya yi bayani. In ya ƙi, zan kai ledar Islamiyyar matan aure, kowacce ta ja ta ji ƙwarinta. Ai mu ne masu sayen.