Madubin Bindigar Tsoho

A wata rumfar gwanjo a unguwar Waziriyya ta Jidda, Zaharadden na jujjuya madubin hange irin wanda ake ɗaura wa bindiga. Wani dattijo haifaffen Jidda, da ya zo sayen fanka, ya tsaya yana kallonsa.

"Me za ka harba a Jidda, ɗana? Kyanwa?"

"Haba Baba! Tsohona zan aika wa gida. Gafiya ta gama masa da gyaɗa, idonsa kuma ya yi rauni. Mai araha nake nema."

"Wace irin bindiga gare shi?"

"Harba-ka-ruga, ƙirar maƙerin garinmu."

"La haula! Da tsumma zai ɗaure shi? Tayyib, na ji, wa zai kai?"

"Wata Hajiya 'yar umara, jibi za ta tashi."

"Ka ji tsoron Allah! Ka cusa wa tsohuwa kayan bindiga cikin dabino, a tare ta a filin jirgi? Kai ka kai masa mana!"

Ran Zaharadden ya ɓaci. "In kai? Da wace iƙamar zan dawo, ni da ba ni da takardar zama? Shekarata tara rabona da gida!"

"Tara? To wa ya ce maka har yanzu yana iya ɗaga bindigar?"

A hankali Zaharadden ya ajiye madubin.