Ba a Aiko Miji Awon Ciki

Mai girma shugaban taro, wanda na ga ya fara gyangyaɗi tun ban buɗe baki ba. Malamai da dattawa. Iyayena mata da ke can baya kuna fifita. Da ku maza da aka turo dole: assalamu alaikum.

Ina gode wa kwamiti da ya ba ni wannan dama, ina gode wa lasifika da ta yarda ta yi aiki yau. Ni ce likitar iyali a ƙaramin asibitin nan, kuma ƙara na kawo.

Na farko, iyayena mata, ciki ba kayan sata ba ne. Ku ne kuke hana yarinya faɗa sai ya turo riga, alhali a watannin farkon nan ne muke auna jininta, mu ba ta ƙwayar ƙarin jini, mu raba ta da magungunan da ke cutar da ɗan tayi.

Na biyu, maza, kuma a nan zan daɗe. Wa ya ce muku ana aiko miji awon ciki? Wani direba ya zauna a bencin ofishina, makulli na lilo a yatsa, ya ce maiɗakinsa na fama da jiri da ciwon mara gefe ɗaya, in rubuta magani, fasinjoji na jira. Na tambaye shi yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Bawan Allah ya kafa wa fanka ido kamar a can aka rubuta amsar.

"Haba likita, wannan ai da kunya," in ji shi. Mutum da 'ya'ya cike da gida!

Na ce ya je ya kawo ta yanzu. Ya fita yana cewa boko ya lalata ni. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don irin wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Sai da ta faɗi a madafa ya ɗauko ta. Ashe a wajen mahaifa cikin ya zauna, har ya fashe. Muka tura ta tiyata da gudu. Cikin ya tafi, ita ta rayu da ƙyar.

Da ta farfaɗo na tambaye ta me ya hana ta zuwa. Ta ce, "Na ce zan zo, ya ce ya fi ni iya bayani."

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa, ya shirya mana mazanmu masu iya bayani, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.